In ƙara jakar ruwa a goshin jirgin wekbod, ko na baya sun isa?

Baban_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san jirgin jan wekbod, wato wasan da jirgin ruwa ke jan mutum da igiya yana tsaye a kan allo. Nawa mai ƙafa 21 ne, injin V8 mai lita 5.7, injin yana can baya. Akwai jakar ruwa biyu, irin waɗanda ake cikawa don ƙara wa jirgi nauyi, a akwatunan da ke gefen inji, kowace tana cin kilo 180. Gaba babu komai. A dam ɗin Kangimi da ke jihar Kaduna ake amfani da shi. Idan an cika jakunkunan, jirgin yana daɗewa kafin ya kwanta a saman ruwa, goshi ya ɗaga har direba ba ya ganin gabansa, taguwar ruwan da jirgin ke tayarwa a bayansa kuma bakinta duk kumfa a daidai inda mai allo yake tsallakawa, igiya mita 20. Wasu sun ce in sa jaka a goshi, wasu sun ce hakan ne ke sa jirgi ya sha ruwa. Wanne zan ɗauka?

Injiniya_Kawo:
Wa alaikumus salam Alhaji. Abubuwa ukun da ka lissafa duk ciwo ɗaya ne, baya ya fi ƙarfin gaba. Jirgi irin naka tun daga kamfani nauyinsa a baya yake, inji da giya duk suna can, sai ka ɗora masa kilo 360 a wuri guda. Kamar a-kori-kura ce da aka jibge wa kaya a ƙarshen bodi, dole gaba ya ɗaga.

Nauyin baya shi ke ba taguwa tsayi, yana sa ta miƙe tsaye, amma yana gajarta ta kuma yana sa bakinta ya riƙa karyewa. Nauyin gaba yana kwantar da tsawon jirgin cikin ruwa, sai taguwar ta yi tsawo, hawanta ya yi santsi, bakinta ya tsaftata. Masu wannan wasa galibi suna farawa da kashi 60 a baya, kashi 40 a gaba, daga nan su gyara. A lissafinka, 360 a baya na neman wajen 240 a gaba da tsakiya. Amma ban ce ka zuba 240 rana ɗaya ba. Fara da 100.

DanBarnawa:
Ina goyon bayan Injiniya. Kafin ka kashe kuɗin jaka ma, ka gwada da jarka. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, jarka mai lita 25 guda huɗu kilo 100 ke nan. Ka cika su taf, ka jera biyu dama biyu hagu a ƙasan kujerun gaba, ka ɗaure. Idan ka ga canji, sai ka sayi jakar da ta dace da wannan nauyin.

Direba_Gurara:
Ni ina da ja, Injiniya, da girmamawa. Duk wanda ya ce a sa nauyi a goshi ya kamata ya faɗi abin da ke biyo baya. Jirgin mai buɗaɗɗen goshi ne, mutane na zama a ciki. Lokacin da mai allo ya faɗi, direba ya sauke totur, ya juya ya koma ɗaukarsa, zai haɗu da taguwar da shi da kansa ya tayar. Goshin da aka danne da kilo 200 ba ya hawa taguwar, cikinta yake shiga. Taguwa ɗaya tana iya zuba lita ɗari ko fiye a gaba, wannan ruwan ya ƙara danne goshin, ta biyu ta zo ta same shi a ƙasa. Jiragen wannan wasa da ke cika da ruwa, yawanci ta nan ne.

Injiniya_Kawo:
Gaskiya ka faɗa Malam Direba, kuma shi ya sa na ce 100. Amma wannan matsala rabinta ta tuƙi ce. Ka fi ni sanin yadda ake juyawa, ka yi wa Alhaji bayani.

Direba_Gurara:
To. Da zarar mai allo ya faɗi, kada ka murɗa sitiyari da gudu. Ka sauke totur a hankali jirgin yana miƙe, ka bar taguwar da ke biye da kai ta wuce ta ƙarƙashinka. Idan ka datse totur lokaci guda, wannan taguwar ta baya ce za ta hau ta bayan jirgi. Bayan ta wuce, ka juya a mafi ƙarancin gudu, ka koma ta tsakiyar hanyar da ka biyo, can ruwan ya fi kwanciya. Idan dole ka tsallaka taguwa, kada ka tunkare ta gaba da gaba, ka ɗan karkace, kuma daf da isarka ka taɓa totur kaɗan don goshi ya ɗaga, sannan ka sake. Mai faɗuwa kuma ka sa shi ta gefen direba koyaushe, ka kashe inji kafin ya hau. Direban da bai iya wannan ba, kada a sa masa ko jarka ɗaya a gaba.

Hajiya_Malali:
Alhaji Baban Hanifa, akwai tambayar da ba a yi maka ba. Me aka rubuta a ƙaramin allon da ke kusa da kujerar direba, wanda ke nuna iyakar nauyi? Kuma mutum nawa ke shiga?

Baban_Hanifa:
Hajiya, an rubuta fam 1,800, mutane da kaya. Yawanci mu biyar ne.

Hajiya_Malali:
Fam 1,800 kilo 816 ke nan. Mutum biyar, a ce kowa kilo 75, ya zama 375. Jakunkuna 360. Alluna, kula, anga, igiyoyi, a ce 40. Jimla 775. Saura kilo 41 ka taɓa iyaka. Ruwan da ka zuba a jakar da kai ka ƙara, cikin wannan lissafin yake shiga, ba kyauta ba ne. Idan ka ɗora jarka huɗun DanBarnawa a kan abin da kake da shi yanzu, ka wuce iyaka da kusan kilo 60.

Don haka ni a ganina ba ƙari ya kamata ka yi ba, rabo za ka sake. Ka rage na baya zuwa 130 kowace, 260 ke nan, ka kai 100 ɗin da ka cire gaba. Jimlar nauyi tana nan yadda take, jirgin kuma ya daidaita.

DanBarnawa:
Hajiya ta kama inda muka tsallake. Na yarda.

Abu_Sadiq_Rigasa:
Amma jakar da ba a cika ba ruwan cikinta yawo yake yi. Idan ka juya, kilo 130 ya gangara gefe guda. Wannan ba hatsari ba ne?

Mai_Faiba:
A akwatin gefen inji ba wata matsala ba ce sosai, domin bango ya tare ta ta ko'ina. Abin da za ka yi shi ne ka fitar da iskar da ke ciki. Ka zuba ruwan da kake so, ka buɗe murfin sama, ka danna jakar har ruwa ya fara leƙowa, ka rufe. Jakar da babu iska a cikinta ba ta kaɗawa sosai. A goshi ne ba na son jakar da ba ta cika ba, saboda wurin a buɗe yake. Can gara ƙaramar jaka a cike da babba rabi.

Wani abu kuma, ka duba bangon da ke raba akwatin da inji. A tsofaffin jirage siririn allo ne, jaka cike tana tura shi har ya jingina da inji ko bel. A sa masa katako ko ƙarfen alminiyam a tsaye ya riƙe.

Injiniya_Kawo:
Bari in ƙara a kan maganar Hajiya, domin akwai hanyar samun aikin nauyi mai yawa da nauyi kaɗan. Abin da ke danne goshi ba kilo kaɗai ba ne, kilo ne sau nisansa daga tsakiyar nauyin jirgi. Kilo 100 a mita 2.5 daga wannan tsakiyar yana yin aikin kilo 250 a mita 1. Ke nan wanda iyaka ta matse shi, ƙaramar jaka can gaba ta fi masa babba a hanyar shiga goshi.

Sai dai ribar tana da kuɗinta. Nauyin da ke can ƙurya shi ne ya fi hana goshi ɗagawa idan taguwa ta zo, wato abin da Malam Direba ke tsoro. Ni zan raba, 50 a ƙuryar gaba, 50 a ƙarƙashin kujerun da ke daf da gilashi.

Ummu_Khalil:
Me zai hana mutum biyu cikin biyar ɗin su koma kujerun gaba? Kilo 150 ke nan ba tare da sayen komai ba.

Direba_Gurara:
Don gwaji yana da kyau Hajiya, nan take za a ga ko taguwar ta gyaru. Amma a matsayin tsari ba ya ɗorewa. Mutum yana motsi, wanda ya shiga ruwa ya bar gurbi, nauyin ya canza a kowane zagaye, mai allo ba zai samu taguwa iri ɗaya sau biyu ba. Kuma yara ba na son su a goshi idan jirgi yana da nauyi. Idan manya ne, su zauna a kan kujera sosai, ba a kan baki ba, ƙafa a ciki, da rigar kariya.

Sarkin_Yashi:
Buhun yashi fa? Ya fi jarka ƙanƙanta, ba ya yoyo, ba ya bukatar famfo. Na ga a waje ma suna amfani da jakar dalma.

Mai_Faiba:
Suna yi, amma ka lura da bambanci guda. Idan jirgi ya cika da ruwa, jakar ruwa ba ta jan shi ƙasa, domin ruwa a cikin ruwa ba shi da nauyi. Yashi da dalma da ƙarfe suna ci gaba da ja. Soson da aka cusa a jikin jirgi don ya hana shi nutsewa an lissafa shi ne da nauyin jirgin, ba da buhunan yashi ba. Na biyu, idan hadari ya taso kana tsakiyar dam, jakar ruwa minti kaɗan ka zubar, yashi kuwa sai dai ka jefa shi da hannu. Na uku, idan an ɗora jirgi a tirela yashin yana nan a goshi, yana danne wuyan tirela da bayan mota duk tsawon hanya. Kuma buhu idan ya fashe, yashin yana gangarawa ƙasan jirgi ya kashe famfon kwashe ruwa.

Idan dole ne, ƙanana biyu na kilo 20 don daidaita dama da hagu, ba laifi. Fiye da haka, ruwa.

Abu_Sadiq_Rigasa:
Tunda an zo maganar dama da hagu, Alhaji bai faɗa mana ba, kumfar a gefe ɗaya take ko duka biyu?

Baban_Hanifa:
Duka biyu, amma ta hagu ta fi.

Abu_Sadiq_Rigasa:
To abu biyu ne. Ta hagu da ta fi, jirgin ya karkata dama, wataƙila saboda direba da batir suna can. Ana matsar da nauyi ne zuwa gefen da ke kumfa. Mutum ɗaya ya koma hagu, ko ma ya matsa rabin kujera, za ka ga bakin taguwar ya gyaru. Wadda ke duka gefen biyu kuwa ko gudu ya yi kaɗan ga nauyin da ke ciki, ko igiya ta yi tsawo. Jirgi mai nauyi yana son wajen kilomita 34 zuwa 37 a awa. Kada ka yarda da agogon gudun da ke jikin tsohon jirgi, ƙaramin bututunsa yana toshewa da laka, ka duba da GPS na waya. Ka riƙa ƙara rabin kilomita har kumfar ta koma bayan inda mai allo yake. In ba ka son ƙarin gudu, rage igiya da gaɓa ɗaya, mita ɗaya da rabi.

Kuma a canza abu ɗaya a lokaci guda. Idan ka taɓa nauyi da gudu da igiya tare, ba za ka san wanda ya yi aiki ba.

Koci_UnguwarRimi:
Tambayata ita ce, su wa ake ja? Idan masu koyo ne, waɗanda ba su fara tsallake taguwa daga gefe zuwa gefe ba, duk wannan nauyin ba ya amfanarsu. Mai koyo ana jansa a kilomita 28 zuwa 31, kuma a wannan gudun jirgi mai kilo 360 a baya ba zai taɓa ba da taguwa mai tsafta ba, yana ta fama ne tsakanin kwanciya da nutsewar baya. A zubar da jakunkunan gaba ɗaya, a rage igiya zuwa mita 17 ko 18. Sai mutum ya iya yanko ruwa da gefen allo yana tsallake taguwa biyun ba tare da faɗuwa ba, sannan a fara zuba ruwa. Babbar taguwa ga wanda bai iya sauka ba, gwiwa take ci.

Baban_Hanifa:
Biyu sun iya sosai Koci, sauran masu koyo ne.

Koci_UnguwarRimi:
To ka fara da masu koyo jakunkuna babu ruwa, ka cika idan layi ya zo kan biyun. Wannan ma wani dalili ne na barin yashi.

Makanike_Kakuri:
Ranka ya daɗe, akwai ɓangaren inji da ba a taɓa ba. Kaduna tana kusan mita 600 sama da teku. Injin fetur marar tabo (turbo, na'urar cusa wa inji iska) yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300, ke nan a nan ka rasa wajen kashi 6 tun kafin ka sa kaya, zafin watan Maris da Afrilu kuma ya ƙara rage wani abu. Jirgin da aka shigo da shi da farfelar da aka zaɓa don bakin teku, babu jaka, dole ya yi nauyin tashi.

Gwajin mai sauƙi ne. Da nauyin da ka saba ɗauka, a ruwa mai faɗi babu kowa, ka buɗe totur duka na ɗan lokaci ka ga juyi nawa injin ya kai a minti. Ka gwada da abin da littafin injin ya ce. Idan bai kai ba, farfelar ta yi masa nauyi, ka sauka zuwa mai ƙaramin taku, wato nisan da farfela ke ci a juyi ɗaya. Kowane inci ɗaya da ka rage yana ƙara juyi wajen 150 zuwa 200. Acme da OJ su ne kamfanonin farfela da aka fi sani a irin waɗannan jirage, kuma za su tambaye ka kaurin shaf, wato sandar da ke juya farfela, da rabon giya da gefen da take juyawa, ka duba kafin ka yi oda. Injin da ake tilasta wa jan nauyi da farfela mai nauyi yana zafi, yana shan mai, giya ma tana wahala.

Nauyin goshi zai taimaka wa tashi, ban musa ba, amma idan farfela ce matsalar zai rufe ta ne kawai.

Injiniya_Kawo:
Haka ne. Amma a fara da rabon nauyi tunda kyauta ne, farfela kuwa sai an yi oda daga waje.

Jikan_Masunta:
Ni roƙona daban ne. Dam ɗin nan ba na masu wasa kaɗai ba ne, akwai masu kwale-kwale da raga a cikinsa. Taguwar da kuke ƙoƙarin ƙarawa tana tafiya nesa, kuma kwale-kwalen katako da ke ɗauke da mutum biyu da kifi tazarar bakinsa da ruwa ba ta wuce tafin hannu ba. A nisanci masunta da gaɓa, a yi layi ɗaya a tsakiya a riƙa bin sa, a daina zagaye. A kula da alamun raga kuma, galan ko gora da ke yawo a saman ruwa, in farfela ta naɗe raga an yi wa mai ita asara, kai ma shaf ɗinka ya tsaya.

Direba_Gurara:
Allah ya saka da alheri, wannan magana ce. Tsakiyar ma ta fi wa taguwar kyau. A ruwan da bai kai mita 3 ba taguwa ba ta tashi yadda ya kamata, ko nawa ka zuba. Da rani ruwan dam yana ja baya, inda ka bi lafiya a watan Oktoba kana iya samun dutse ko kututture a watan Afrilu, kuma farfelar irin wannan jirgi a ƙarƙashinsa take, ba a ɗaga ta.

Sabon_Shiga_Mando:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Nawa jirgin faiba ne mai injin rataye, Yamaha mai doki 115. Ni ma in sa jaka a gaba?

Makanike_Kakuri:
Ƙanina, naka daban ne. Kana da abin da Alhaji ba shi da shi, wato kana iya sunkuyar da inji ko ka ɗaga shi. Ka tashi da inji a sunkuye gaba ɗaya, goshi zai kwanta da wuri, in jirgi ya hau ruwa ka ɗaga kaɗan kaɗan har taguwa ta yi kyau. Idan goshi ya fara sukuwa, yana ɗagawa yana dukan ruwa, ka wuce, ka mayar. In bai isa ba, ka matsar da tankin mai ko batir gaba kafin ka kawo sabon nauyi, ko ka sa jarka biyu. Abin da ba za ka yi ba shi ne jaka a baya, domin bangon da inji ke rataye a kai gajere ne, ruwa zai hau ta nan. Kuma kada kowa ya yi wasan bin taguwa daf da bayan jirginka, farfelarka a fili take.

Mai_Faiba:
In koma kan Alhaji, idan gwajin jarka ya yi kyau kuma za ka sa jaka ta dindindin. Hanya mai sauƙi ita ce famfon jefawa, irin Tsunami 800, ka jefa shi a ruwa ta gefe, ka haɗa tiyo da jaka. A takarda yana ba da wajen lita 50 a minti, a aikace ƙasa da haka, jakar kilo 100 dai ba za ta wuce 'yan mintoci ba. Ba ya zuƙo ruwa da kansa, sai yana cikin ruwa.

Idan kana son na maɓalli, famfo mai robar juyawa irin na Jabsco ko Johnson shi ke cikawa ya kuma zubar ta tiyo ɗaya. Yana son huda a ƙasan jirgi da bawul na tagulla wanda hannu ke kaiwa, kilif biyu na ƙarfe marar tsatsa a duk haɗin da ke ƙasa da layin ruwa, wato inda ruwa ke kaiwa a jikin jirgi, waya mai kauri, da fiyus daidai da abin da aka rubuta a jikinsa, kusa da batir. Abin da ke kashe shi gudu babu ruwa, robar tana ƙonewa, don haka a kashe da zarar jaka ta ƙare. Dole jakar ta samu tiyon numfashi daga samanta zuwa waje, sama da layin ruwa, in ba haka ba famfon zai kumbura ta har ta fasa murfin kujera. Da damina ruwanmu laka ne da ciyawa, a sa matata kafin famfo, a ajiye robar canji a jirgi.

Hajiya_Malali:
A kuma zubar da ruwan a dam ɗin da aka ɗebe shi, a shanya jakar kafin a kai jirgi wani ruwa. Irin ciyawar ruwa da ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya suna iya bin ragowar ruwan jaka daga wannan dam zuwa wancan.

Baban_Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zan rage na baya zuwa 130, in gwada jarka huɗu a gaba, in duba juyin inji. Abin da ban gane ba, in fara da huɗun ne ko biyu?

Injiniya_Kawo:
Huɗu, Alhaji. Kilo 50 a jirgi mai ƙafa 21 da ƙyar za ka ga bambanci, sai ka ɗauka abin ba ya aiki.

Direba_Gurara:
Ni biyu nake gani, kuma a kusa da gilashi. Ka tuna ka riga ka cire 100 daga baya, wannan kaɗai zai sauke goshi. Ka auna tazarar bakin goshi da ruwa jirgi yana tsaye kowa yana mazauninsa, kafin jarka da bayan jarka, ka sa direbanka ya yi juyin ɗaukar mai faɗuwa sau da yawa da biyun. Idan ruwa bai taɓa hawa ba, sai ka ƙara sauran.